Garwa da Tarihin Kula da Jikin Ɗan Wasa: Daga Hannun Maɗori Zuwa Ɗakin Binciken Jami'a

Da yammacin Talata, 11 ga Janairu, 2022, hankalinmu duka yana Garwa. A filin wasa na Rumde Ajiya, wanda ake rubutawa Roumdé Adjia da Faransanci, Najeriya ta kara da Masar a gasar cin kofin nahiyar Afirka. Kelechi Iheanacho ya ɗaɗa ƙwallo a raga a minti na 30, Mohamed Salah ya yi ta kai gwauro yana kai mari, har aka tashi bai rama ba. Waɗanda suka tsallako daga Yola da Mubi sun iske mutanen gari suna taya su murna kamar a gida, mu kuwa da muke gaban talabijin a Kano da Maraɗi muka ji kamar a ƙofar gidanmu ake yi.

Akwai abin da idonmu bai tsaya a kansa ba a ranar. A bakin fili, kamar yadda ƙa'idar manyan gasa ta tanada a yau, akwai likitoci da jakunkunansu, da gadon ɗaukar majiyyaci, da motar asibiti, da wani ɗan akwati da bai fi jakar ɗan makaranta girma ba, wato na'urar farfaɗo da zuciya. Wannan ɗan akwati yana da tarihi, tarihin kuma ya biyo ta Garwa. Shi muke so mu bibiya yau, domin mun daɗe muna yabon ƙafar ɗan wasa ba mu tambayi lafiyar jikin da ke ɗauke da ita ba.

Kafin zuwan ƙwallo

Garwa tana bakin kogin Binuwai. Fulani ne suka kafa ta a farkon rabin ƙarni na 19 ƙarƙashin Modibbo Haman Njundi, cikin ƙasar Fombina wadda Modibbo Adama ya karɓo wa tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kakanninmu fatake sun bi wannan hanya da tufafi da kayan ƙira da na dukanci, wasu suka wuce Ngaundare da Tibati da Banyo, wasu suka sauke kaya suka zauna. Jamusawa sun ci garin a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace shi daga hannunsu a watan Yuni na 1915, daga nan ya faɗa rabon Faransa. Iyakar da aka shata ta raba Garwa da Yola a takarda, amma ba ta raba kasuwa da aure da wasa ba.

Duk inda Bahaushe ya sauka, da wasanninsa yake sauka. Da kaka, idan amfani ya shigo gida, ana kokawa a dandali, mahauta suna dambe, yara suna langa da farin wata, makwabtanmu Fulani kuma suna sharo. Waɗannan wasanni ne na jiki, kowanne da irin raunin da yake jawowa: targaɗe, gocewar kafaɗa, karayar hannu, tsinkewar haƙori. Saboda haka tun kafin a san kalmar likitan wasanni muna da masu kula da jikin ɗan wasa. Maɗori yana shafa gaɓa da hannu ya gane inda ƙashi ya rabu, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare, ya faɗi kwanakin da za a yi kafin a kwance. Wanzami yana yin ƙaho inda jini ya kwanta. Ɗan dambe yana yin tsaga a hannun da yake duka da shi a cusa magani, ya ɗaura kambu da laya, ya kiyaye abin da ubangidansa ya hana shi ci da wanda ya hana shi kusanta kafin ranar karo.

Kada mu raina wannan ilimi. Tambayoyi biyu da jami'o'in duniya ke kashe dukiya a kansu yau, su ne dai waɗanda kakanninmu suka yi: me zai ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, kuma me zai kare shi daga rauni? Sai dai iliminsu ya tsaya inda ido ke gani da inda hannu ke taɓawa. Ƙashi yana jin hannun maɗori, zuciya kuwa tana bayan haƙarƙari. Idan saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fage ba wanda ya taɓa shi, sai a ce jifa ne, ko sammu, ko iska. Ba wanda ke rubuta sunansa da shekarunsa da lokacin da abin ya faru, don haka ba wanda zai gane cewa irin wannan faɗuwar tana da tsari, kuma tana bin jini a wasu gidaje.

Garin auduga, garin ƙwallo

Ƙwallon ƙafa ya shigo da zamanin Turawa, ya bi makaranta da bariki, ya kuma sami gindin zama a Garwa fiye da yadda kowa ya zata. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, shugaban Kamaru na farko, kuma a zamaninsa aka gina filin Rumde Ajiya a 1978. A nan aka haifi Issa Hayatou a 1946, ɗan gidan sarautar garin. Kafin duniya ta san shi a kujera, ɗan tsere ne da ya riƙe kambun ƙasa a gudun mita 400 da na mita 800, ya buga wa Kamaru ƙwallon kwando, ya kuma koyar da motsa jiki a makaranta. Ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, daga 1988 zuwa 2017, ya riƙe FIFA na wucin gadi daga Oktoba 2015 zuwa Fabrairu 2016, ya rasu a Paris ranar 8 ga Agusta, 2024, aka kawo shi gida aka rufe.

Amma abin da ya mai da Garwa hedikwatar ƙwallon Kamaru auduga ce. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma cibiyarsa ke Garwa, shi ne uwa da uban ƙungiyar Coton Sport da aka assasa a 1986. Ta ci gasar ƙasa karo na farko a 1997, daga nan ta ci fiye da sau 15, abin da ko Canon ta Yawunde ba ta yi ba. A 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasablanka ta doke ta. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Al Ahly ta ci ta 2 da nema a Alƙahira, aka yi 2 da 2 a Garwa. 'Yan uwanmu na Nijar, Kassaly Daouda mai tsaron raga da Kamilou Daouda ɗan gaba, sun sa rigar ƙungiyar. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, shi ne ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya ci ƙwallo 8 a gasar 2022, ya kuma zura wa Brazil ƙwallo a Qatar a ƙarshen wannan shekarar.

Wannan shi ne tarihin da muka haddace, tarihin kofi da raga. Akwai ɗaya tarihin da ke tafiya a gefensa, na zuciya da gwiwa da zufa.

Saurayin da ya biyo ta Garwa

A farkon shekarun 1990 wani dogon yaro haifaffen Yawunde ya fara taka leda a ƙungiyar Union ta Garwa. Sunansa Marc-Vivien Foé. Ya koma kudu ya shiga Canon, ya wuce Lens a Faransa, sai West Ham, sai Lyon, sai Manchester City. Karayar ƙafa ta hana shi zuwa gasar cin kofin duniya ta 1998, amma ya warke ya ci kofin Afirka da Kamaru a 2000 da 2002. Na 2000 ɗin a Legas aka yi, mu aka doke a bugun fanareti, ba mu manta ba.

Ranar Alhamis, 26 ga Yuni, 2003, Kamaru tana wasan kusa da na ƙarshe da Kolombiya a gasar kofin nahiyoyi, a filin Gerland na birnin Lyon. A minti na 72 Foé ya yanke jiki ya faɗi a da'irar tsakiya, babu kowa kusa da shi. Aka ɗauke shi, likitoci suka yi ta fama kimanin minti 45, rai ya yi halinsa. Shekarunsa 28. Kamaru ta ci wasan da 1 da nema, 'yan wasan suna murna ba su san abin da ke faruwa a ɗakin magani ba. Da aka bincika gawarsa, aka sami ciwon kaurin tsokar zuciya, ciwon da yawanci gadonsa ake yi, wanda mai shi zai iya rayuwa da shi shekaru yana gudu yana tsalle, har ranar da bugun zuciyar zai rikice a lokacin aiki mai tsanani.

Ba shi ne na farko ba. Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, a wasan Najeriya da Angola, bai tashi ba. Bambancin shi ne Foé ya faɗi a gasar FIFA, a gaban kyamarorin duniya. Daga ranar ba a ƙara iya cewa ba a gani ba.

Ilimin da za a kare irinsa yana nan tun kafin ya faɗi. Tun 1982 dokar Italiya ta wajabta wa duk mai shiga gasa a duba lafiyarsa, har da gwajin na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. Masana na Jami'ar Padua, Domenico Corrado da abokan aikinsa, sun bibiyi yankin Veneto daga 1979 zuwa 2004, suka wallafa a 2006 cewa mutuwar farat ɗaya tsakanin matasan 'yan wasa ta ragu da kashi 89 cikin 100. A wannan shekarar ta 2006, kafin gasar cin kofin duniya a Jamus, FIFA ta shigo da binciken lafiya na kafin gasa: tarihin gidan ɗan wasa, duba jikinsa, zanen bugun zuciya da hoton zuciya. A 2013 ta raba wa hukumomin ƙwallo na ƙasashe jakar agajin gaggawa mai ɗauke da na'urar farfaɗo da zuciya. A 2014 aka buɗe rajistar mutuwar farat ɗaya a ƙwallo a Jami'ar Saarland ta Jamus. Cikin shekara 5 rajistar ta tattara labarin mutum 617 daga ƙasashe 67, waɗanda suka rayu 142 ne kacal. Inda aka danna ƙirji aka kuma sa na'urar, kashi 85 cikin 100 sun tashi. Inda aka danna ƙirji babu na'urar, kashi 35.

Mu ajiye mutum biyu kusa da juna. Patrick Ekeng, ɗan Kamaru mai shekara 26, ya faɗi a Bukares ranar 6 ga Mayu, 2016, mintuna kaɗan da shigarsa fili, ya rasu, binciken hukumomin Romaniya kuma ya gano nakasu a agajin da aka ba shi. Kwana 2 bayan haka Jeanine Christelle Djomnang, mai tsaron raga ta wata ƙungiyar mata a kudancin Kamaru, ta faɗi tana ɗumama jiki kafin wasa, ita ma ta cika. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Kofanhagen ranar 12 ga Yuni, 2021, aka danna ƙirjinsa nan take, aka sa masa na'ura, bayan wata 8 ya koma buga ƙwallo. Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma a wannan fage igiyar mintuna ce: kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba yana tafiya da kusan kashi 10 cikin 100 na damar tashi.

Mudun wani gari

A nan ne labarin ya juyo kanmu. Ma'aunin da aka fara tantance zukatan 'yan wasa da shi, a jikin Turawa aka yanka shi. Da likitoci suka fara duba 'yan wasa baƙar fata da yawa, musamman Sanjay Sharma da abokan aikinsa a St George's ta Landan, sai suka ga wasu alamu a zanen bugun zuciya waɗanda a jikin Bature ke nuna ciwo, a jikin ɗan Afirka mai yawan atisaye kuwa sau da yawa lafiya ce lau. Bangon zuciyarsa ma yakan ɗan fi kauri ba tare da cuta ba. Haɗarin nan ta fuska biyu yake: a kori yaro lafiyayye daga sana'arsa saboda an auna shi da mudun wani gari, ko kuma a yi sakaci da mai ciwon gaske a ce ai haka jikinsu yake. An duba zukatan yaran da suka je gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Aljeriya a 2009 don ƙara fahimtar wannan, kuma ƙa'idojin duniya na karanta zanen zuciyar ɗan wasa da aka fitar a 2017 sun yi la'akari da asalin wanda ake dubawa.

Haka batun sikila, wadda muke kira amosanin jini. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da rabin gadonta, wato AS, a Kamaru ma ta yawaita. Mai AS lafiyayye ne, yana noma yana dambe yana ƙwallo. Amma wani bincike da aka wallafa a 1987 kan kuratan sojan Amurka ya nuna masu AS sun fi faɗuwa su mutu a lokacin horo mai tsanani, ninki fiye da 20. A Kamaru kanta an yi nazarin wannan a tseren hawan Dutsen Kamaru da ake yi a Buea tun 1973, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,000. Sakamakon da aka wallafa a 1994 ya nuna masu AS suna cikin 'yan tseren kamar yadda suke cikin sauran jama'a, suna kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da kowa, sai can sama inda iska ta yi ƙaranci ne gudunsu ke raguwa. Daga baya, a 2016, wani nazari kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000, bayan an tsaurara dokar shan ruwa da hutu da sabo da zafi sannu a hankali, bai sami ƙarin mutuwa tsakanin masu AS ba. Darasin a fili yake. Sanin rukunin jini ba hujjar hana yaro wasa ba ce, hujja ce ta ba shi ruwa da hutu, da tsayar da shi idan ya ce cinyarsa ta riƙe ko numfashinsa ya sarƙe, maimakon a kira shi rago.

Gwiwa da cinya

Zuciya ce ke kisa, amma gwiwa da cinya su ne ke cinye sana'a. Tun 2001 Jan Ekstrand na Jami'ar Linköping a Sweden yake tattara bayanan raunin manyan ƙungiyoyin Turai. Abin da ya samu shi ne ƙungiya mai 'yan wasa 25 takan yi fama da rauni kimanin 50 a kakar wasa guda, wato 2 ga kowane mutum, kuma yagewar tsokar bayan cinya ce kan gaba. Nazarin ya kuma nuna ƙungiyoyin da 'yan wasansu suka fi zama lafiya sun fi samun maki. Ashe ɗakin magani ma yana cin kofi.

Ɗan Garwa ya ɗanɗana wannan. A watan Satumba na 2018 jijiyar cikin gwiwar Aboubakar ta tsinke yana buga wa Porto wasa. Aka yi masa tiyata, ya shafe mafi yawan kakar yana jinya da gashi, ya dawo, ya zama sarkin raga a gasar da ƙasarsa ta karɓi baƙunci. Ya dawo ne domin yana inda akwai na'urar hoto, da likitan tiyata, da mai gashin ƙashi na asibiti, da albashin da bai tsaya ba. Yaron da irin wannan jijiya ta tsinke masa a filin unguwa, a kan ƙasa mai tauri ta rani, gun maɗori za a kai shi. Maɗori zai laluba ya ce ƙashi lafiya, kuma gaskiya ya faɗa, don jijiyar tana can cikin gaɓa inda hannu ba ya kaiwa. Kumburi zai saɓe, yaro zai koma fili, gwiwa ta riƙa zamewa, bayan shekara biyu a ce ai wane ya daina ƙwallo.

Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan karon rigakafin ba ya cin kuɗi. A 2006 cibiyar binciken lafiya ta FIFA, tare da masana na Oslo da na Santa Monica, ta tsara wani ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda ya ƙunshi gudu, da ƙarfafa ciki da cinya, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da koyon yadda ake dira bayan tsalle. Gwajin da aka yi kan 'yan mata a Norway, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna raguwar rauni da kusan kashi 1 cikin 3. Mai shakka zai ce wannan a ƙasar ƙanƙara ne. To, Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa na Jami'ar Legas sun gwada shi kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasan Legas, suka wallafa a 2014 cewa rauni ya ragu da kashi 41 cikin 100. Ba na'ura, ba allura, sai koci da ya yarda ya ba da minti 20 sau biyu a mako.

Rana da azumi

Garwa tana cikin kwarin Binuwai, kuma duk wanda ya kwana a can cikin Maris ko Afrilu ya san ma'aunin zafi yana haura 40. Ɗan ƙwallo a irin wannan yanayi yana iya zubar da zufa lita 2 ko fiye a wasa guda, kuma masana sun nuna da zarar ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, gudunsa da natsuwarsa sukan ragu. Sai a 2014 aka fara tsayar da wasa a hukumance don shan ruwa a gasar cin kofin duniya, a wasan Holand da Meziko a Fortaleza. A gasar Kamaru ta 2022 ma mun ga aikin rana. Washegarin wasan Najeriya da Masar, a Limbe, alƙalin wasa Janny Sikazwe ya hura tashi kafin lokaci ya cika a wasan Tunisiya da Mali, daga baya aka bayyana cewa zafi ne ya buge shi. Idan alƙali ya rasa lissafin agogo, ina ga wanda ke bin ƙwallo? Abin da bincike ya tabbatar shi ne jiki yana bukatar mako 1 zuwa 2 kafin ya saba da sabon zafi, kuma wanda rana ta buge har ya fara sambatu, a fara sanyaya shi da ruwa nan take kafin a nemi mota.

Ga kuma azumi. Daga 2022 zuwa 2025 watan Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar bazarar Garwa. An yi nazarin matasan 'yan ƙwallo masu azumi a Tunisiya a 2006, aka kuma yi babban taron masana kan azumi da ƙwallo a Doha a 2011. Abin da aka fi haɗuwa a kai shi ne azumi ba ya rage ƙwazo sosai matuƙar an kiyaye barci, an ci an sha yadda ya kamata tsakanin buɗa baki da sahur, an kuma daidaita lokacin atisaye. Sai dai Tunis ba Garwa ba ce, abincin sahur ɗinmu ba nasu ba ne, yaronmu kuma yakan wuni a kan babur ko a gona kafin ya zo fili. Amsar da ta dace da shi, a jikinsa za a samo ta.

Abin da ya rage gare mu

Kwanaki kaɗan kafin wasan da muka buɗe wannan rubutu da shi, a farkon Janairu 2022, gwamnatin Kamaru ta fitar da dokar kafa Jami'ar Garwa. Hayaniyar gasa ta rufe labarin, amma a ganinmu ya fi sakamakon kowane wasa nauyi. Yanzu arewacin Kamaru yana da jami'o'i 3: ta Ngaundare tun 1993, ta Marwa tun 2008, da ta Garwa mai tsangayar koyar da aikin likita. A garin kuma akwai cibiyar horar da malaman wasanni, CENAJES. Ga ƙungiyar da ta fi kowace cin kofi a ƙasar, ga zafi, ga sikila, ga azumi, ga dubban yara a filayen unguwa. Duk tambayoyin da masana ke tashi daga Turai su zo nema, a ƙofar gida suke.

Abin da Padua da Linköping suka fi mu da shi tun farko littafi ne da alƙalami. Sun rubuta wanda ya ji rauni, da inda ya ji, da lokacin, da kwanakin da ya yi bai buga ba, shekara bayan shekara, har tsari ya fito. Wannan aiki ɗalibin likita a Garwa zai iya, na Yola da na Kano da na Maraɗi ma haka, idan ƙungiyoyi suka buɗe musu ƙofa. Za su iya zama da maɗora su koyi abin da hannu ya sani, su kuma nuna musu raunin da ya kamata a tura asibiti. Mu da muke haɗa gasar unguwa ta cin rago ko babur, za mu iya tambayar kowane yaro kafin a rubuta sunansa: ka taɓa suma kana gudu, ƙirjinka yana ciwo, akwai wanda ya yi mutuwar farat ɗaya da ƙuruciya a gidanku? Za mu iya koyon danna ƙirji, abin da ake koya cikin yini guda. Attajirin da ya sayi riguna da kofi, a gaya masa akwai wani ɗan akwati da ya fi kofin amfani, a ajiye shi a bakin fili, a koya wa mutum biyu aiki da shi.

Manchester City ta jingine riga mai lamba 23 don tunawa da Foé. Garwa, inda ya fara, tana da abin da ya fi jingine riga: ta san zukatan 'ya'yanta kafin ta tura su fage. Allah ya raya mana matasanmu, ya ba masu jinya lafiya, ya sa mu ga ranar da za a buɗe littafin likitancin wasanni a wata ƙasa a iske an ce, kamar yadda binciken Garwa ya nuna.